Bala Miller: Mawaƙin da Ya Ɗora Hausa Kan Bushe-bushen Zamani

Tsakanin 1935 da 1945 babu kiɗan da ya kai na manyan ƙungiyoyin makaɗa farin jini a ƙasar Amurka. Shugabanninsu, irin su Duke Ellington da Count Basie, kowa yana tafe da mutum goma sha biyar ko fiye. Akan kasa su kashi-kashi: ga masu busa kakakin Turawa, ga masu saksafon, ga kuma masu ganga da piyano da ke riƙe da taki. Aikin mai tsara waƙa shi ne ya rubuta wa kowane kashi abin da zai busa, wannan ya yi kira, wancan ya amsa.

Wannan salo ya ƙetaro teku ya sami gindin zama a Afirka ta Yamma, inda ya gauraya da kiɗan da ake kira highlife. A Gana akwai E. T. Mensah, a Ikko kuma akwai Bobby Benson da Victor Olaiya. Amma kusan duk waƙoƙinsu da harsunan bakin teku ake rera su, ko da Turanci. Cikin waɗanda suka shigar da Hausa wannan fage, babu wanda aka fi tunawa da shi kamar Bala Miller.

An haife shi a 1928. Mahaifinsa limamin Kirista ne daga cikin jama'ar mishan ta Zariya, saboda haka tun yana yaro ya saba da waƙoƙin coci masu murya hawa-hawa. A Ikko ya yi karatun sakandare, can kuma ya shiga cikin makaɗan zamani, har ya tsara wa Victor Olaiya waƙoƙi. Ya daɗe yana aikin kamfani, kiɗa kuwa yana yin sa a gefe, domin a wancan zamani kiɗa kaɗai ba ya riƙe gida.

Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya karya kasuwar highlife a Ikko. Makaɗa da yawa suka watse, kiɗan juju ya maye gurbi. Ga kuma tsada: ciyar da mutum ashirin da sayen kayan busa daga ƙasashen waje ba ƙaramin nauyi ba ne. Wannan tsada tana cikin abubuwan da suka durƙusar da manyan ƙungiyoyin Amurka tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A daidai lokacin da wasu ke rage mutane, sai Bala Miller ya ƙara. Bayan bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a Ikko a 1977, ya tara samari ya horar da su, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Great Music Pyrameeds of Afrika. Sunan yana tuna wa ɗan Arewa da dalar gyaɗa ta Kano. Waƙarsa "Ikon Allah" ta shiga gidaje ta rediyo, shirinsa na talabijin kuma ya sa an san fuskarsa a ko'ina cikin ƙasar.

To, me ya sa kunnen Bahaushe ya karɓi wannan kiɗa? Dalili ɗaya shi ne bai zo masa baƙo ƙwarai ba. Mun saba da kakaki da algaita a ƙofar fada, mun kuma saba da mawaƙi yana jan baiti 'yan amshi suna karɓa. Sai dai kakaki na sarki ne, ba a busa wa talaka. Bala Miller ya kawo bushe-bushe filin rawa, inda leburan masaƙa da akawu suke da rabo ɗaya.

Ya rasu a 2003. A yau yaro ɗaya da kwamfuta yana iya fitar da sautin makaɗa ashirin a ƙaramin ɗaki. Amma wanda ya saurari faifan Bala Miller zai ji abin da na'ura ba ta bayarwa, wato numfashin mutane da yawa da suka koyi jiran juna.