Yadda Ake Farfaɗo da Makullan Tsohuwar Mota

Makullin ƙofa da na tayar da inji suna cikin sassan da ke fara gajiya a jikin tsohuwar mota. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma yi ta harhaɗa ta a masana'antar PAN ta Kaduna da aka buɗe a 1975, har yau tana yawo a titunan Najeriya da Nijar, amma sau da yawa sai direba ya yi ta girgiza mabuɗi kafin ta buɗu.

A cikin makullin ƙofar irin waɗannan motoci akwai wani ɗan mulmulallen ƙarfe mai juyawa, an jera masa siraran faranta na tagulla, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi waje. Idan mabuɗin da ya dace ya shiga, haƙoransa kan ja farantan su koma ciki daidai wa daida, sai ƙarfen ya juya. Ko da guda ɗaya ne ya ɗan leƙo, makulli ba zai motsa ba.

Yawanci mabuɗin ne ke fara cinyewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai tsohon mabuɗin wa mai yanka ya kwafa, sai sabon ya fito da lahanin tsohon. Abin da ya dace shi ne a nemi lambar da masana'anta ta buga a jikin makullin, in tana nan, a yanka mabuɗi da ita. In ta goge, ƙwararre zai iya auna farantan ya gano asalin zurfin haƙoran.

Idan matsalar ta ci gaba, sai a ciro makullin a wargaza shi a kan farin ƙyalle. Aikin na son natsuwa, domin sifirin ɗin bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma in ya yi tsalle samunsa sai an sha wuya. A jera farantan bi da bi yadda aka cire su, a wanke da kananzir don fitar da busasshen giris da ƙurar hunturu, a sauya waɗanda suka cinye da na wani makullin irinsa. Kasuwannin kayan mota kamar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano nan ne ake fara cigiyar irin waɗannan tsofaffin kaya. Wasu masu gyara kan goge farantan da zarto, ko su zubar da su gaba ɗaya don aiki ya yi sauri. Wannan ɓarna ce, domin daga nan ko da sukundireba za a buɗe motar.

Makullin tayar da inji ya fi sarƙaƙiya, don ayyuka uku ne a wuri ɗaya: wurin sa mabuɗi, da sakatar da ke kulle sitiyari, da makunnin lantarki a bayansu. Kafin a taɓa shi dole a cire wayar batir. Kusoshin da ke riƙe shi an ƙera su ne yadda kansu zai karye wajen ɗaurewa saboda ɓarayi, don haka sai an huda su ko an kwance da kurfi. Idan mabuɗi na juyawa lafiya amma inji bai amsa ba, a fara duba makunnin da wayoyinsa.

Bayan an mayar da komai, kada a ɗura baƙin mai, domin yana kama ƙura ya zama laka. Garin bakin fensir ko man da aka yi musamman don makullai ya wadatar. A kuma raba mabuɗin mota da tarin mabuɗan gida da na shago, domin nauyinsu na cinye cikin makullin yayin da mota ke tafiya.