Akwatin Taka Ƙafa na Makaɗan Jita, da Wayar da Ba a Yankewa

Makaɗan jita ta lantarki a Amurka da Ingila suna da wata al'ada. Mutum ɗaya ya kan girke amfilifaya biyu a bayansa, watau na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, ɗaya mai murya garau, ɗaya mai kaushi. Hannuwansa biyu kuwa suna bisa jita, ba halin ya tsaya tsakiyar kiɗa ya zare waya daga wannan ya soka a waccan. Saboda haka a kan ajiye ɗan akwatin alminiyam a ƙasa, mai makunni wanda a ke takawa da ƙafa. Da yawansu ba su saye, da hannunsu su ke haɗawa, don kayan ba su da tsada.

Ga yadda ƙirarsa ta ke. A kan huda kafofi biyar na soka waya, kowace faɗinta rubu'in inci, irin waɗanda aka gada daga ofisoshin tarho na ƙarni na 19. Ta ɗaya sautin jita ke shiga, biyu suna fita zuwa amfilifayoyin nan. Sauran biyun su ne hanyar zagaye: ta ɗaya sauti ke fita zuwa ƙananan na'urorin sauya murya, kamar mai sa amsa-kuwwa, ta ɗayar kuma ya komo. Makunni biyu ne. Na farko ya kan bi da sauti ta zagayen, ko kuwa ya wuce da shi sak. Na biyu shi ke zaɓen amfilifaya.

Kowane makunni ƙafafu tara gare shi, sahu uku, uku-uku. Ƙafar tsakiya ita ce uwa, in an taka sai ta haɗu da ta wannan gefe, in an sake takawa ta koma wancan. Sahu biyu na sauti ne, na uku na 'yar fitila mai batir na bolt 9, don makaɗi ya san inda ya ke ko da cikin duhu. Gwanaye kan liƙa wayoyin da dalma yadda amfilifayar da ba ta aiki bakinta zai haɗu da wayar ƙasa, ta yi shiru. Wurin akwatin tsakanin jita ne da amfilifaya. Kada a sa shi tsakanin amfilifaya da lasifika, gama amfilifaya mai ƙwayayen gilashi in ta yi aiki ba lasifika, tana iya ƙonewa.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana zuwa ran da aka kunna, sai a ji wani ƙugi yana tashi ba ya yankewa. Dalilinsa kuwa shi ne, kowace amfilifaya tana da wayar ƙasa, ita ce ƙafa ta uku ta filogin bango, ga shi kuma akwatin ya sake haɗa su ta rigar wayoyin sauti. Hanya ta zama zobe ke nan, 'yar wuta kaɗan ta dinga kewaya shi. Ita a ke ji, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Ingila da Nijeriya da Nijar, sau 60 a Amurka. Masu lasifikar taro sun san wannan ƙugi sarai.

Nan mai gaggawa ke halaka kansa. Sai ya karya ƙafar nan ta uku, ƙugi ya ɗauke, ya ce ya yi dabara. Alhali ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa in waya ta fashe cikin na'ura. In babu ita, wutar sai ta bi rigar waya ta hau tsirkiyar jita, wadda ƙarfe ce, ta jira hannu. A watan Mayu na 1972 wuta ta kashe Leslie Harvey, makaɗin Stone the Crows, a bisa dandamali a garin Swansea, ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa, yana da shekara 27. A 1976 kuma Keith Relf, wanda ya yi waƙa da Yardbirds, ya mutu a gidansa a Landan yana kaɗa jita, shi ma wuta ce.

Maganin ƙugin cikin akwati ya ke, ba a bango ba. A kan sa 'yar taransifoma ta sauti a bakin fita ɗaya, wadda naɗinta biyu daidai su ke, ba su taɓa juna. Sauti ya kan ƙetare ta hanyar maganaɗisu, zobe kuwa ya yanke. Amma wajibi ne kafar nan ta zama mai wuyan roba, don in ƙarfenta ya taɓa jikin akwati zoben ya sake rufewa, aikin ya zama banza.

Kafin a sa wuta, a kan ɗauki mita a auna daga ƙafa ta uku ta filogi zuwa jikin kowace amfilifaya, a tabbata hanya ba ta yanke ba. Ɗan kasuwa mai sayen tsofaffin na'urori na gwanjo, shi ma filogin ya kamata ya fara juyawa ya ƙirga ƙafafunsa, tun bai taya ba.