Ko Kun Sani? Alƙali Ne Jagoran Tal National

Ko kun san cewa mutumin da ya kafa Tal National, fitacciyar ƙungiyar makaɗan jita ta birnin Yamai, alƙali ne? Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, yakan yi shari'a a kotu da rana, da dare kuma ya rataya jita ya hau dandali. Kafin nan ma ɗan ƙwallon ƙafa ne.

Ya kafa ƙungiyar a shekarar 2000, inda ya haɗa Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kowa da harshensa da salon kiɗan gidansu, ga kalangu na amsa wa jita. A Yamai sukan kwashe awa biyar suna kiɗa a dare guda. Saboda yawan gayyatar biki da suna, sukan rabu gida biyu don kowane mai taro ya samu. Faifansu suna sayar da shi ne da kansu a shataletalen gari.

Kundinsu mai suna Kaani, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar a 2013, shi ya kai su Turai da Amurka.