Caca a cikin waya: yadda bashi da kunya ke kai matasa ga tunanin kashe kai

A gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kebbi da Argungu, ranar da ake wasan Firimiyar Ingila, ba kowa ne idonsa ke kan talabijin ba. Akwai wanda ya sunkuyar da kai kan waya yana duba tikiti, ba ruwansa da wanda ya ci wasa. A da sai mutum ya je shagon caca, a gan shi, labari ya kai gida. Yanzu Bet9ja da SportyBet da BetKing da 1xBet suna cikin aljihu, kuɗi kuma na tashi daga OPay ko PalmPay cikin daƙiƙu kaɗan.

Matsalar ba a asarar kuɗi ta tsaya ba. A 2021 mujallar Lancet Public Health ta wallafa binciken Heather Wardle da Sally McManus kan matasa 3,549 'yan shekara 16 zuwa 24 a Birtaniya. Sun gano cewa samarin da caca ta zame musu matsala sun fi sauran yiwuwar yunƙurin kashe kai da kusan ninki 9, 'yan mata kuma kusan ninki 5, ko bayan an yi la'akari da damuwa da saurin yanke hukunci. A Suwidin ma, binciken 2018 ya nuna cewa mutuwa ta hanyar kashe kai ta ninka kusan sau 15 a tsakanin masu wannan larura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar caca cikin jerin cututtuka, rukuni guda da jarabar ƙwaya.

Waɗannan alƙaluman Turai ne, amma tsarin manhajar iri ɗaya ne ko'ina. Ɗauki Aviator, wasan jirgin nan da kamfanin Spribe ya fitar a 2019. An tsara shi ya mayar da kusan kashi 97 cikin 100 na abin da aka zuba. Kamar ba komai, sai dai zagaye ɗaya ba ya kai minti guda. Wanda ya sa naira 1,000 sau 100 a dare ɗaya ya juya naira 100,000 ke nan, kuma a matsakaicin lissafi 3,000 ta tafi. Tikitin ƙwallo mai wasanni da yawa ya fi muni: idan kamfani na ɗaukar kashi 5 a kowane wasa, tikiti mai wasa 10 ya bar masa kusan kashi 40. Manhajojin da ake tallawa a Telegram wai suna hasashen inda jirgi zai tsaya kuwa, damfara ce tsagwaronta. Sakamakon yana fitowa ne daga kwamfutar kamfani, ba daga wayar mai wasa ba.

Inda hatsarin yake shi ne bin asara. Ɗalibin Waziri Umaru ko na Kwalejin Adamu Augie da ya taɓa kuɗin rajista, ko yaron da aka aika da kuɗin shinkafar rani daga fadamar Argungu, ko mai POS da ya ɗebi jarin uban gidansa, duk tunaninsu ɗaya ne: bari in mayar kafin a gane. Sai a koma ga manhajar bashi, wadda ita ma tana cikin wayar. Wasu daga cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen tura saƙon tozarci ga 'yan uwan wanda ya kasa biya, abin da ya sa Google ya hana irin su shiga lambobi da hotunan waya a 2023. Waɗanda ake saukewa a wajen Play Store ba ruwansu da wannan doka.

A garin da kowa ya san caca haramun ce, kuma kowa ya san ɗan gidan wane ne, wanda ya faɗa ciki ba shi da bakin magana. Wannan shirun ne ke sa bashin naira 200,000 ya zama kamar ƙarshen duniya. Ga kuma sashe na 231 na Penal Code da ke hukunta yunƙurin kashe kai da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, abin da likitoci suka daɗe suna cewa yana hana mutane neman taimako. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta bar wa jihohi iko, kuma Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a shekarar. Amma ana garƙame shago da kwaɗo, ba a garƙame manhaja.

Wayar tana da nata makaman. BetBlocker kyauta ce, tana toshe dubban shafukan caca, kuma idan aka zaɓi wa'adi da wuya a kwance shi kafin ya cika. Ana iya neman kamfanin ya rufe asusu na wani lokaci, a kashe sanarwarsa, a rage iyakar turawa a manhajar banki, a bar babban kuɗi a hannun yaya ko mahaifiya. Goge manhaja kaɗai ba ya wadatarwa, minti biyu ta dawo.

Abokai su ne ke fara gani. Wanda ya sayar da wayarsa ko babur ba dalili, ya daina zuwa majalisa, ba ya barci, yana yawan cewa ya gaji da duniya ko yana neman yafiya ba gaira ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ba ranar wa'azi ko gori ba ce. A raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, a faɗa wa likita gaskiya har da maganar cacar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato na da ƙwararru a wannan fanni, lambar gaggawa ta ƙasa kuma ita ce 112. Bashin kuwa, a rubuta shi a takarda, a zauna da wani babba a gida a tsara yadda za a biya.