Kalsiyam da Jijiyoyin Ko-ta-kwana

Idan mutum ya yi kiciɓis da maciji, tun kafin ya yi wani tunani zuciyarsa ta fara bugawa da sauri, bakinsa ya bushe, gumi ya karyo masa. Wannan aikin wasu jijiyoyi ne da masana ke kira simfatetik, mu kuwa bari mu ce musu jijiyoyin ko-ta-kwana. Ƙwayoyinsu suna tattare ne ƙulli-ƙulli, a jere kamar carbi, dama da hagu ga ƙashin baya.

To, yaya saƙon yake tafiya? Jijiyar da ta fito daga laka takan zuba wani sinadari, asetilkolin, a kan ƙwayar. A fatar ƙwayar akwai makarɓai, waɗanda suke kamar ƙofa, sinadarin kuma ɗan makullinta. Da zarar ya taɓa makarɓin da ake kira nikotinik, sai sodiyam ya kwarara ciki, motsin lantarki ya tashi ya bi jijiyar har ƙarshenta. A can ne ƙofofin kalsiyam suke buɗewa. Kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwaya ya ninka na ciki wajen sau 10,000, saboda haka yakan afka ciki kamar ruwan da ya ɓalle madatsa. Shigarsa ce ke sa wasu ƙananan jakunkuna su zazzage noradiranalin, sinadarin da Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya tabbatar a 1946 cewa shi ne ɗan aiken waɗannan jijiyoyi. Shi ke zaburar da zuciya. In babu kalsiyam, saƙo ya mutu a hanya.

Akwai makarɓi na biyu, muskarinik, mai aiki sannu a hankali. A 1980, David Brown da Paul Adams sun yi bincike kan ƙwayoyin kwaɗi, suka nuna cewa yana rufe wata ƙofar fotasiyam wadda ke zame wa ƙwayar linzami. In aka sassauta linzamin, sai ƙwayar ta yi ta aika saƙo kai da kai.

Wannan ilmi ya shafe mu. Dafin wasu kunamun Sahara yana hana ƙofofin sodiyam rufewa, kalsiyam ya yi ta shiga, noradiranalin ya yi ambaliya. Sai jini ya hau, zuciya ta galabaita, ruwa ya taru a huhu. Ƙananan yara sun fi shiga wannan hatsari. Don haka, yaron da kunama ta harba, in ya fara gumi da amai da haki, a garzaya da shi asibiti nan take.