Yadda Ƙwayoyin Cutar Amfanin Gona Ke Fakewa a Jikin Wasu Tsirrai

1.0 Gabatarwa

Manomi yakan girbe shinkafarsa da kaka, ya kwashe bambaro, gona ta bushe ƙayau har tsawon watanni. Amma da zarar an sake dashe, sai cutar da ta addabe shi bara ta sake ɓullowa. Tambayar ita ce, a ina cutar ta zauna duk tsawon lokacin da babu shinkafa a gonar? A wannan babi za a amsa wannan tambaya ta hanyar nazarin cutar ƙunar ganyen shinkafa, domin a ga yadda ƙwayoyin bakteriya ke samun masauki a jikin wasu tsirrai dabam kafin amfanin gona ya dawo.

2.0 Cutar Ƙunar Ganyen Shinkafa

Bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, wadda ba a iya ganin ta sai da madubin likita. Wadda ke jawo ƙunar ganyen shinkafa, masana suna kiran ta Xanthomonas oryzae. Manoman ƙasar Japan ne suka fara lura da cutar a shekarar 1884. A Afirka kuwa, an fara ba da rahoton ta a Mali a 1979, daga baya aka same ta a Nijar da Nijeriya da wasu ƙasashe maƙwabta.

Ƙwayar cutar tana shiga ta ƙananan kafofin da ke gefen ganye, ko ta inda ganye ko saiwa suka ji rauni lokacin dashe. Idan ta shiga, sai ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke kai ruwa, ta toshe su. Daga nan ganyen yakan fara yin ɗorawa tun daga tsininsa, ya bi gefe-gefe, har ya bushe kamar an babbake shi. Da sassafe akan ga ɗigo mai kama da madara a jikin ganyen, wanda ke cike da ƙwayoyin cutar. Ruwan sama mai iska da ruwan ban-ruwa su ne ke yaɗa su. Idan cutar ta kama iri marar juriya tun yana ƙarami, asara tana iya wuce rabin amfanin gonar.

Sai dai wannan ƙwaya tana da rauni guda: ba ta daɗewa a cikin ƙasa, musamman a wuri mai zafi kamar namu. Ke nan dole ta sami tsiro mai rai da za ta raɓa, in ba haka ba ta mutu.

3.0 Tsirran da Ke Ba Cutar Masauki

Tsiron masauki shi ne duk wani tsiro, ban da amfanin gonar da aka shuka, wanda ƙwayar cuta ke iya rayuwa a jikinsa. Ga cutar ƙunar ganye, waɗannan tsirrai sun kasu gida uku.

Na farko shi ne gyauro, wato shinkafar da ta sake tofo daga tushiya bayan girbi, ko wadda ta tsiro daga ƙwayar da ta zube.

Na biyu shi ne shinkafar daji, musamman wadda masana ke kira Oryza longistaminata. Wannan ba ta mutuwa da rani, domin tana da jijiya mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, kuma tana son fadama da bakin tafki da gefen magudanar ruwa. Masu bincike sun sami ƙwayar cutar a jikinta a Afirka ta Yamma.

Na uku shi ne wasu ciyayin ruwa na dangin Leersia. A Japan an gano cewa a gindin irin waɗannan ciyayi ne cutar ke shafe lokacin hunturu, sannan ta bi ruwa zuwa wuraren renon iri.

4.0 Hanyoyin Fakewa

Ƙwayar cutar tana zama a jikin mai masaukinta ta hanyoyi uku. Wani lokaci takan shiga cikinsa ta sa shi ciwo kamar yadda take yi wa shinkafa, har a ga alama. Wani lokaci kuma takan zauna a cikin jijiyoyinsa ba tare da wata alama ba. Wannan ita ce hanya mafi haɗari, domin manomi zai ga ciyawa shar da ita, bai san tana goye da maƙiyinsa ba. Hanya ta uku ita ce zama a bayan ganye ko a kewayen saiwa. A nan ƙwayoyin sukan dunƙule wuri guda, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, wanda ke kare su daga bushewa.

Noman rani ya ƙara wa lamarin ƙarfi. A wurare kamar Kadawa da Bakolori da kwarin Kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar, ruwa yana zama a magudanai har cikin rani, ciyawa tana nan ɗanya, wani wurin ma ana noma shinkafa sau biyu a shekara. Saboda haka, tazarar da ya kamata ta kashe cutar da yunwa takan ragu ƙwarai. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari.

Ba shinkafa kaɗai abin ya shafa ba. Bakteriyar da ke sa tumatir yin yaushi farat ɗaya, wato Ralstonia solanacearum, tana kama tsirrai fiye da iri 200, ciki har da barkono da gauta da dankalin Turawa da taba. Don haka manomin da ya cire tumatir ya sa barkono bai huta da cutar ba, masauki kawai ya sauya mata. Hatsi, kamar masara ko dawa, shi ya fi dacewa ya biyo baya.

5.0 Matakan Kariya

Da yake babu wani maganin feshi da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu, dabara ita ce a hana cutar wurin zama:

(a) a kaftse tushiya da gyauro bayan girbi, a bar gona ta bushe sosai;
(b) a nome kunyoyin iyaka, a kuma yashe magudanai;
(c) a hana ruwan gonar da ta kamu gangarawa cikin wata;
(d) a guji zabga takin yuriya fiye da kima, domin yana sa ganye laushi;
(e) a shuka iri mai juriya bisa shawarar malaman gona.

Aikin magudana ba na mutum ɗaya ba ne. Idan manomi guda ya bar gefensa da ciyawa, duk wanda ruwa ke isa gare shi daga nan yana cikin haɗari.

6.0 Kammalawa

An ga cewa girbi ba ya kawo ƙarshen cuta, domin takan koma jikin gyauro da ciyawa ta jira. Duk da haka, kada a ɗauki shinkafar daji a matsayin abar ƙyama gaba ɗaya. Daga wata shinkafar daji ta ƙasar Mali aka samo ƙwayar gado mai suna Xa21, wadda ke ba shinkafa juriya ga wannan cuta, kuma masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka ware ta a 1995. Ke nan abin da ake so shi ne a kawar da ita daga gona da magudana, a bar ta a dajinta.

Tambayoyi

1. Mene ne tsiron masauki? Kawo misalai uku.
2. Me ya sa fakewar da ba ta nuna alama ta fi haɗari?
3. Bayyana dangantakar noman rani da ɗorewar cutar ƙunar ganye.