Abin da Harshe Ya Sani da Abin da Bai Sani Ba: Darasi Daga Masara

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Funtua ko Dandume ko Malumfashi da kaka, ya ga yadda ɗan kasuwa yake ɗiban masara a tafin hannu, ya shinshina, ya ciji ƙwaya ɗaya, sa'an nan ya yanke farashi. Wannan mutum awo yake yi, ma'auninsa kuwa hanci ne da haƙori da harshe. Shin ina iyakar abin da irin wannan ma'auni zai iya ganowa?

Domin amsa wannan tambaya, za mu ɗauki misali daga jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, inda ake sarrafa masara irin tamu ta zama wata barasa mai suna burbon. Sanin kowa ne cewa Musulunci ya haramta giya, kuma dokar shari'a ta hana ta a Jihar Katsina tun shekarar 2000. Mun kawo ta nan ne domin masana'antar ta mai da ɗanɗano sana'a mai ƙa'idoji, kuma akwai darasin kimiyyar halittu a ciki.

A dokar Amurka, sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa kafin a kira abin burbon. Ƙwayoyin yis su ne suke juya sukarin hatsin ya zama sinadarin itanol. Daga nan a tace shi ta hanyar tururi, a zuba a sabuwar gangar katakon ok wadda aka babbaka cikinta, a ajiye shekaru. Ruwan yana shiga gangar fari tas kamar na rijiya. Da zafi yakan kutsa cikin katakon, da sanyi ya fito, yana ɗebo launin ja-ja da sinadarin banilin mai ƙamshi da ɗanɗanon ƙonannen sukari. Kowace shekara wani kaso yana bin iska. Galibi akan sirka shi da ruwa kafin a ɗura a kwalba, har ƙarfinsa ya sauko kusa da kashi 40 cikin ɗari. Amma akwai wanda ake ɗurawa yadda ya fito daga ganga, ba sirki, ƙarfinsa yakan haura kashi 60. Irin wannan kaɗan ake fitarwa, shi ya sa yake wuyar samu.

Ƙwararrun da ake biya su tantance shi sukan fara da duban launi, sa'an nan su daɗe suna shinshinawa, kurɓa ita ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa tofarwa suke yi. Me ya sa hanci ya riga baki? Dalili shi ne harshe ɗanɗano biyar kacal yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da kuma umami, wato irin daɗin daddawa da romon nama, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908. Hanci kuwa yana da makarɓan ƙamshi kimanin iri 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano tushen waɗannan makarɓai a 1991, suka sami kyautar Nobel a 2004. Yayin da muke tauna abinci, ƙamshinsa yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau zuwa hanci, sai mu ɗauka harshe ne ya ji. Wannan ne ya sa mai mura yake cewa miya ta yi salam.

Akwai kuma abu na uku, wato zafi. Itanol mai ƙarfi yana tsokanar makarɓin nan da barkono yake tsokana, wanda David Julius da abokan aikinsa suka gano a 1997. Raɗaɗin yakan danne sauran saƙonni, kamar yadda yaji in ya yi yawa ba a jin daɗin tsire. Saboda haka masu tantancewa sukan ƙara ruwa kafin su yanke hukunci.

To, ga iyakar wannan gwaninta. Harshe da hanci suna faɗin daɗi ko rashinsa, amma ba sa faɗin abin da zai cuci hanta. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, kuma tsada ko shekarun ganga ba su canza wannan ba. Haka nan baki ba ya iya bambance itanol da metanol, wanda hanta take juyawa ya zama guba mai makantarwa. A watan Afrilu na 2015, aƙalla mutum 18 suka rasu a Ode-Irele ta Jihar Ondo bayan shan ogogoro mai metanol.

Mu dawo gida ga masararmu. Idan aka zuba ta a rumbu ko buhu da sauran danshi, wata fumfuna takan kama ta, ta fitar da guba mai suna afilatoksin. Gubar ba ta da wari ko ɗanɗanon da zai gargaɗi mai ci, dahuwar tuwo ba ta kashe ta, kuma tana jawo kansar hanta da tsumburewar yara. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya saboda cin irin wannan masara. Cizon ɗan kasuwa yana nuna bushewar ƙwaya, amma ba ya nuna abin da ya same ta kafin ta bushe. Kariya ita ce shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, busarwa har danshi ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari, da tsince ƙwayoyin da suka sauya launi.

Malamai za su iya gwada rabin wannan darasi a aji. A rufe wa ɗalibi ido, ya toshe hancinsa, a ɗiga masa kunun zaƙi mai citta da marar citta, ko lemo iri biyu masu zaƙi ɗaya, ya faɗi wanne ne wanne. Sa'an nan ya saki hancin ya sake gwadawa. A rubuta sakamakon ɗalibai ashirin a allo. Daga nan sai a tambaye su: idan harshe ya kasa rarrabe abin da hanci ya sani, yaya zai yi da gubar da ko hancin bai san ta ba?